Makirfon Boya BY-M1 ga mai shirin zama mai karanta labarai a talabijin

Duk wanda ke burin zama gaban kyamara a Rima TV ko NTA Sakkwato, ko labarai zai karanta ko hasashen yanayi, yana buƙatar ɗan faifan gwaji da zai nuna. Masu tantancewa suna iya yafe hoton da bai fito tas ba, amma murya mai amsa-kuwwa kamar daga cikin rijiya tana kashe faifan tun daga gaisuwa. A nan wannan ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga yake da amfani, kuma a ganinmu ya ci kuɗinsa.

A cikin kwali akwai makirfon da igiya mai tsawon kusan mita 6, da maƙali, da soso mai tare iska, da batir LR44, da ƙarin kai na manyan na'urori. Bakinsa na milimita 3.5 ne, don haka wayar da ba ta da ramin iyafis sai an nemo mata mahaɗin da ya dace da ita, kamar na USB-C.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ɗan makunnin da ke jikin igiyar. In da waya za a ɗauka, a tura shi gefen OFF/Smartphone, ba ya buƙatar batir. In da kyamara ce, a mai da shi gefen Cameras. Wanda ya juya su zai iya gama karatun minti biyar ya tarar babu ko tari a faifan. A mai da makunnin gefen OFF bayan aiki, in ba haka ba batirin ya ƙare a cikin jaka. Wasu wayoyin kuma ba sa kula makirfon waje. Manhajar Open Camera tana ba da damar zaɓensa.

A maƙala shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa. Mai babbar riga ya kauce wa aikin wuya, don zaren yana gogar soso duk lokacin da ya gyara hannun riga. Mai hijabi ko mayafi ta sa shi a waje, kada ƙyalle ya rufe shi. Ga mai gwajin hasashen yanayi, wanda yake tsaye yana nuni da hannu, a bi da igiyar ta cikin riga ta fito ta baya. Tsawonta ya isa a ja da baya daga kyamara har a ga rabin jiki da taswira.

Rauninsa shi ne yana kwasar sauti ta ko'ina. Fanka, janareton maƙwabta, kabu-kabu da ke wucewa, duk suna shiga. A zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, kashe fanka ba wasa ba ne, shi ya sa ɗauka bayan asuba ta fi. A iskar hunturu sosonsa bai isa ba, sai an sa masa hula mai gashi. Kada kuma a yi ɗauka waya na kan caji, yakan kawo ƙugi a ƙarƙashin murya.

Akwai jabu a kasuwa. Kafin a biya, a jona shi a shagon, a kunna ɗauka, a ƙwanƙwasa kan makirfon da farce, sannan a saurara a tabbatar shi ne ya ɗauka ba na wayar ba.