Telan da ya ɗinka mini rigar takara

Shekara tara ina riƙe da littafin kuɗin ƙungiyar layinmu a kasuwa, ko kwabo bai taɓa salwanta ba. Amma da na ce zan nemi shugabanci, maganar da ta dawo kunnena ita ce wai ban cika ido ba. Ni gajere ne, ga rashin jiki. Abokin takarata kuwa in ya tsaya a bakin shago sai ya tare ƙofa.

Yayana ne ya raka ni wurin wani tela a Fagge, ɗauke da farar shadda yadi goma da na yanko a Kantin Kwari. Na ce babbar riga nake so mai faɗi, aska takwas. Ya gwada ni, ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, in na sake maka ita haka, rigar za a gani, ba kai ba." Ya rage faɗin yadda in na naɗa ta a kafaɗa ba za ta rinjaye ni ba, ya mayar da aikin aska biyu da zare kalar shaddar, ya ce in nemi hula mai tsayi a kafa mini ita. Wuyan ya zauna daram, ɗinkin ciki babu zare ko ɗaya da ya leƙo.

Aibinsa alkawari. Ya ce Alhamis, sai Litinin na karɓa, bayan sawu uku, kullum wuta ce ba a kawo ba. Wandon ya yi tsawo, amma nan take ya rage bai karɓi komai ba.

Ranar taro na maimaita maganar da na daɗe ina yi kan kuɗin mai gadi da yashe kwata. Dattawan da suka saba katse ni suka yi tsit, har da gyaɗa kai. Wallahi abin ya sosa mini rai, domin ban ƙara ko kalma ba. A garin nan Malam Aminu Kano ya tara talakawa da farin yadi marar ado, kuma shi ma ba wani ƙato ba ne. Tun 1983 ya rasu, har yau sunansa ake kamawa a nemi ƙuri'a.

Zan koma wurin telan da ɗinkin Sallah, sai dai zan kai masa tun kafin azumi.