Shagon gyaran kwamfuta a Garwa: wanda ya gano ciwon laftof ɗina

Jama'a ga labarin wani shagon gyara da ke kusa da babbar kasuwar Garwa, don na san ba ni kaɗai ke fama ba. Laftof ɗin ta hannu na saya, okaziyo, tana aiki lafiya lau sai abu ɗaya, ba ta riƙe wifi. Yau ka sa modupas, wato kalmar sirri, na gida ta shiga, ka kashe ka kunna gobe ta manta kamar ba ta taɓa ganin rezon ba, na wurin aiki ma haka, har hotspot na wayata sai na sake bugawa kullum, kuma modupas ɗin gidanmu dogo ne don ƙanina ya cusa masa lambobi saboda yaran maƙwabta.

Mai gyara na farko ko kunna ta bai yi ba ya ce katin wifi ne ya mutu a kawo sefa 15,000. To katin da ya mutu ta ina yake ganin rezo? Na ɗauki kayata na hau moto.

A shago na biyun wani matashi ne, ya ce yaya zauna tukuna. Ya fara duba ko na sa alamar nan ta haɗawa da kanta, akwai. Ya duba kwanan wata ko ƙaramin batirin agogo ne ya ƙare, daidai yake. Sai ya buga netsh wlan show profiles, umarnin da ke nuna wifin da kwamfuta ta riƙe, sunan wifin shagonsa da muka shiga ya fito, ya buɗe sabon folda a fuskar kwamfutar ya kashe ya kunna. Folda ta ɓace, wifi ma ya ɓace. Ya yi dariya ya ce yaya wannan daga sibar ta fito, wato shagon intanet. Ashe akwai manhajar da masu sibar da makarantu ke sakawa ta daskarar da bangaren C na ma'ajiyar kwamfuta, duk abin da aka canza da an sake kunnawa sai ya koma yadda yake, kuma Windows a C ɗin take ajiye sunayen wifi da modupas. Ni kuwa takarduna a ɓangaren D nake zubawa ko a kile, wato filashin USB, shi ya sa wata biyu ban farga ba, ina ta zagin rezo a banza wallahi.

Cire manhajar sai da modupas na wanda ya saka ta, mu ba mu da shi, dole ya sake zuba Windows, amma D bai taɓa ba ko takarda ɗaya ban rasa ba. Ya kuma gaya min gaskiya cewa Windows 10 an daina sabunta ta kyauta tun Oktoban 2025 kuma injina ya tsufa da ɗaukar 11, bai matsa min in sayi wata a wurinsa ba.

Inda ya gaza lokaci ne. Ya ce bayan azahar, ban karɓa ba sai da aka kira magariba, wai kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, kuma shagon matsattse ne ga zafin Garwa ga fanka ɗaya, rasit ma sai da na roƙa ya rubuta a bayan wata takarda. Sefa 5,000 ya karɓa ba ciniki. Sati uku ke nan, ina buɗe ta take kama wifi kafin in gyara zama.