Kuɗin Gashi, Inshora da Yadda Ake Biya: Bitar Wani Asibitin Gashi Mai Zaman Kansa a Kano

Gashi, wato jinyar motsa gaɓoɓi da horar da jiki, ya bambanta da sauran ayyukan asibiti ta fuskar kuɗi, domin ba abu ne da ake yi sau ɗaya a sallami mutum ba. Mai shanyewar ɓarin jiki, ko wanda ciwon baya ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya, yana bukatar zuwa sau biyu ko uku a mako har tsawon watanni, kuma kowane zuwa da kuɗinsa. Saboda haka farashin zama ɗaya da ake liƙawa a bango ba shi ne abin da iyali za su kashe ba, kuma da wannan ma'aunin nake so in auna wani asibitin gashi mai zaman kansa da ke cikin birnin Kano, wanda gidanmu ya yi hulɗa da shi ta hanyoyi biyu. Mahaifiyata, wadda hawan jini ya jawo mata shanyewar ɓarin hagu, daga aljihunmu muka biya mata, mai ɗakina kuwa, da ke fama da ciwon baya mai sauka zuwa ƙafa, an duba ta a ƙarƙashin inshorar lafiya ta ma'aikatan gwamnatin tarayya.

Kano ba ta rasa wuraren gashi na gwamnati ba. Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano duk suna da sashen gashi da ƙwararrun ma'aikata, kuɗinsu kuma ya fi sauƙi, shi ya sa marasa lafiya ke zuwa musu daga jihohi da dama. Mu kusanci ne ya kai mu asibitin kuɗi, da kuma cewa suna aiki har bayan la'asar da ranar Asabar, domin ɗauko dattijuwar da ba ta iya tsayuwa a saka ta a mota aiki ne na mutum biyu, su kuma mutum biyun sai sun taso daga wurin nemansu.

A kan aikin kansa ba ni da ƙorafi. Takardun lasisin ma'aikatan daga hukumar MRTB, wadda doka ta ɗora wa rajistar likitocin gashi a Najeriya, suna rataye a inda kowa zai gani, haka ma shaidar rajista da hukumar PHIMA mai kula da asibitoci masu zaman kansu a Jihar Kano. Mata ne ke yi wa mata gashi, a ɗaki mai labule. Na tsaya na ga yadda likitar ta koya wa Hajiya tashi daga kujera: ta sa ta matso bakin kujerar, ta jawo mata ƙafar da ta shanye baya kaɗan, ta dafe mata gwiwa da tata gwiwar don kada ta lanƙwashe, sannan ta ce, "Mama, ki kawo kanki gaba tukuna, kada ki ja da hannun dama kaɗai, bari ƙafar nan ma ta ɗauki nauyinta." Haka suka yi ta maimaitawa ba tare da likitar ta nuna ƙosawa ba.

Farashin a rubuce yake a teburin karɓar baƙi, kuma babu ciniki. A lokacin da muka fara zuwa, yankan kati naira 3,000 ne, binciken farko naira 10,000, zama ɗaya na ciwon baya ko gwiwa ko kafaɗa naira 8,000, na shanyewar ɓarin jiki kuma naira 10,000 saboda yana ɗaukar kusan awa guda. Idan ana so likita ta zo gida, naira 18,000 ne a cikin gari, a ƙara wani abu idan unguwar ta yi nisa. Wanda ya kalli waɗannan lambobi ɗaya bayan ɗaya zai ga kamar da sauƙi, amma zuwa uku a mako a kan naira 10,000 ya kama naira 120,000 a wata, ban da kuɗin mai ko na adaidaita sahu, ban da magungunan hawan jini, a jihar da mafi ƙarancin albashinta naira 71,000 ne. Wannan lissafin shi ne dalilin da ya sa iyalai da yawa ke fara gashi da ƙarfinsu, su janye bayan 'yan makonni, daidai lokacin da jikin mara lafiya ya fi karɓar horo, wato watannin farko bayan faɗuwa.

Duk da haka ba zan ce sun tsawwala ba. Na'urorin gashi daga waje ake shigo da su, darajar naira kuma ta faɗi ƙwarai tun tsakiyar 2023, a shekarar da aka cire tallafin man fetur. A watan Afrilun 2024 an ƙara kuɗin lantarki na rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi tsawon lokaci a rana, zuwa naira 225 kowane kilowat a awa, in wutar ta ɗauke kuma sai janareta. Ga kuma albashin ƙwararru, waɗanda ake zawarcinsu a Saudiyya da Ingila, ta yadda duk asibitin da ke son riƙe nasa sai ya biya su da kyau. Inda ban gamsu ba shi ne kuɗin zama iri ɗaya ne ko da me aka yi a cikinsa. Ranar da likita ta tsaya a kan mara lafiya da hannunta tana motsa gaɓoɓi tana gyara tafiya, da ranar da aka ɗora masa jakar zafi aka maƙala masa na'urar lantarki aka bar shi kwance, bai kamata kuɗinsu ya zo daidai ba, tunda a rana ta biyun ma'aikaciya ɗaya tana iya kula da gadaje uku a lokaci guda.

Abin da ya fi burge ni, kuma shi ne dalilin da zan iya tura wani can, shi ne takardar da suke bayarwa bayan binciken farko. A cikinta an rubuta abin da aka gano, da yawan zuwan da ake so a mako, da lokacin da za a sake auna ci gaba, da jimillar kuɗin da hakan zai ci kafin a kai lokacin. Wannan haƙƙi ne, ba alfarma ba, domin kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya tanadi a bayyana wa mara lafiya kuɗin jinyarsa a fili, amma wurare kaɗan ne ke yin haka ba tare da an tambaya ba. Da likitar ta ga na yi shiru ina duban jimillar, sai ta ce, "Malam, idan zuwa uku zai yi muku nauyi, a mayar da shi biyu, ku zo da wadda ke kwana da Mama in koya mata abin da za ta riƙa yi mata safe da yamma. Gara biyun da za ku ɗore a kai da ukun da za ku bari a hanya." Ta rage wa asibitinta kuɗin shiga da bakinta, kuma ƙanwata ta koyi miƙar da yatsu, da yadda ake kwantar da hannun da ya shanye a kan matashi, da gargaɗin kada a taɓa jan Hajiya ta wannan hannun idan za a tashe ta, saboda kafaɗar tana iya gocewa.

Matsala ta farko tana wajen biyan kuɗi a dunƙule. Wanda ya biya kuɗin zama goma gaba ɗaya ana yi masa ragin kashi 10 cikin 100, kuma ragin yana da amfani ga mai jinya mai tsawo. Sai dai kuɗin yana da wa'adin mako shida, ba a mayar da shi, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa biyu da aka rubuta a jikin rasit ko a takardar farashi. Zazzaɓi ya kwantar da Hajiya a tsakiyar wa'adin, da muka dawo sai ma'aikacin karɓar kuɗi ya ce ragowar zaman ya ƙone. Sai da maganar ta kai ga manaja aka dawo mana da shi, kuma ya yi hakan cikin mutunci, amma abin da ya dogara ga halin manaja ba tsari ba ne. Masu shanyewar ɓarin jiki yawancinsu dattawa ne masu ciwon suga ko na zuciya, kwanciya a asibiti ba baƙon abu ba ne a wurinsu, don haka ya kamata takardar likita ta isa a dakatar da ƙidayar wa'adi. Haka ma dokar cire rabin kuɗin zama ga wanda bai sanar tun jiya cewa ba zai zo ba: ina ganin hujjarta, tunda an hana wani wannan lokacin, amma a baki aka faɗa mana ita, bayan ta riga ta hau kanmu.

Ɓangaren inshora ya fi sarƙaƙiya, kuma yawancin sarƙaƙiyar ba daga asibitin take ba. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, da aka sa wa hannu a watan Mayun 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar NHIS, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, amma har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fitowa. Tsarin ma'aikatan tarayya yana ɗaukar ma'aikaci, da matarsa ko mijinta, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Iyaye ba sa ciki sai an yi musu rajista ta daban, kamar ta shirin GIFSHIP na masu biya wa kansu ko iyalinsu inshora, wadda ita ma sai an jira wani lokaci kafin ta fara aiki. Wato mutumin da ya fi kowa bukatar gashi a gidan Bahaushe, tsoho ko tsohuwa, shi ne katin ɗansa ba ya ɗauka, kuma yawanci ba a gane haka sai ciwon ya zo.

Mai ɗakina tana cikin katina, amma ba a shiga asibitin gashi da kati kai tsaye. Sai an fara zuwa asibitin da aka zaɓa tun wajen rajista, likita ya duba ya rubuta takardar turawa, sannan a nemi lambar amincewa daga kamfanin HMO, wato kamfanin da ke biyan asibitoci a madadin masu inshora, domin gashi yana cikin ayyukan mataki na biyu da ake biya ɗaya bayan ɗaya. A 2025 hukumar NHIA ta umarci kamfanonin da su riƙa ba da wannan lamba cikin awa ɗaya. Tamu ta ɗauki kwanaki, kuma a nan dole in yaba wa ma'aikaciyar teburin inshora ta asibitin, wadda ita ce ta yi ta kira da tura saƙo har lambar ta fito, tana kuma sanar da mu halin da ake ciki ba tare da mun neme ta ba. Da lambar ta zo, zaman da kamfanin ya amince da shi bai kai abin da likita ta rubuta ba. An gaya mana wannan tun kafin a fara, aka kuma nuna mana nawa za mu cika idan muna son kammala tsarin, saboda haka muka shirya wa ragowar da wuri.

Matsala ta biyu kuma ta asibitin ce. Masu inshora ba a ba su lokaci sai tsakanin hantsi da azahar a ranakun aiki, yamma da Asabar kuwa an keɓe su ga masu biyan kuɗi hannu. Na san dalili, domin abin da kamfanonin ke biya bai kai farashin asibiti ba, kuma yana daɗewa kafin ya shigo. Amma mai inshora ma'aikaci ne, daga gudummawar wurin aikinsa aka tara kuɗin, kuma lokacin da aka ba shi shi ne lokacin da ya kamata a ce yana ofis. Asibitin da ya amince ya shiga tsarin bai kamata ya raba marasa lafiyarsa gida biyu ba, ko da a ce awa ɗaya kawai zai ware musu da yamma. Ma'aikatan jiha kuma su sani cewa wannan asibitin ba ya karɓar katin hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano, KSCHMA, don haka su tambaya kafin su taso. Kayan taimako irin su bel ɗin baya, da takalmin gyaran sawu, da sandar dogarawa mai ƙafa huɗu, mu muka saya da kuɗinmu. Ana sayar da su a asibitin, sun ɗan fi na shagunan kayan asibiti tsada, amma ba a tilasta wa kowa, likita ma takan rubuta girman da ya dace a je a nemo a waje.

Biyan kuɗin kansa ba shi da wahala. Suna karɓar tsabar kuɗi, da kati ta na'urar POS ba tare da ƙarin caji ba, da taransfa zuwa asusun da ke ɗauke da sunan asibitin, ba na wani ma'aikaci ba. Idan netwok ya riƙe kuɗi, suna duba shaidar turawa su bar mara lafiya ya shiga, ba sa zaunar da shi jiran alat. Likitar da ke zuwa gida ba ta karɓar kuɗi a hannu, a ofis ake biya kafin ta fito, abin da ke kare mutuncinta da na masu gida. Ba sa ba da bashi, sai dai wanda ya daɗe da su sukan bar shi ya haɗa kuɗin mako ya biya ranar Asabar.

Wanda wurin aikinsa ke mayar masa da kuɗin asibiti ya nemi cikakken rasit mai ɗauke da ranaku da irin aikin da aka yi da hatimi, domin ƙaramar takardar POS ba ta wadatarwa, rubutunta kuma yana gogewa cikin 'yan watanni. Suna bayarwa kyauta, amma sai an tambaya. Mai inshorar kamfani mai zaman kansa kuma ya buɗe takardar yarjejeniyarsa ya duba iyakar da aka sa wa gashi a shekara, sannan ya kai wa likitar wannan adadin tun ranar binciken farko, domin ta san yadda za ta rarraba zaman: ta cika su a makonnin farko, ta bar kaɗan don bibiya, sauran aikin kuma ta koya wa mutanen gida.