Fenti ko takardar bango: wanne ya dace da banɗakin baƙi a Zariya?

Banɗakin baƙi shi ne wuri mafi ƙanƙanta a gida, kuma shi ne inda za a iya zuba launi mai ƙarfi ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba. Wanda ya saba wucewa ta ƙofar Fadar Zazzau ya san idon mutanen garin nan ba baƙon launi ba ne: ja, kore, shuɗi da ruwan ɗorawa duk suna zaune a bango ɗaya lafiya lau. Sai dai kafin a shiga kasuwar Sabon Gari neman fenti ko takardar bango, a fara amsa tambaya ɗaya: ruwa nawa ke taɓa bangon nan?

Banɗakinmu na buta ne. Ana alwala, ana wanka da bokiti, ana watsa ruwa a wanke ƙasa. Hotunan da ake gani a intanet, inda aka liƙe bango da takarda tun daga ƙasa har silin, galibi na ɗakunan da ba a jiƙa su ne. Don haka a nan tayil ne zai riƙe ƙasan bango, aƙalla mita 1.2, gara ma 1.5, a wajen shawa kuma har sama. Abin da ya rage bisa tayil shi ne filin ado.

A gwada bangon tukuna. A yanko leda kamar rabin mita, a manne gefunanta huɗu da salatif a jikin bango, a bar ta kwana biyu. In aka ɓare aka ga raɓa ta ɓangaren da ke fuskantar bango, danshi daga cikin bulo yake fitowa: ko famfo na yoyo a ciki, ko ruwan ƙasa na hawowa, ko ruwan sama na bugun bangon ta waje. Irin wannan bango ba ya riƙe fenti, balle gam. Wata alamar ita ce farin gari kamar kanwa da ke tsattsafowa a kan filasta. Gwajin ya fi faɗin gaskiya a watan Agusta; a tsakiyar hunturu yawancin bango a Zariya bushe yake. Sabuwar filasta kuma a ba ta kamar mako huɗu kafin a shafa mata komai.

Fenti iri uku ne mai saye zai tarar a shago. Fentin ruwa na gama-gari, wanda ba ya sheƙi, shi ya fi araha, kuma shi ya fi saurin ba da kunya a banɗaki. Yana shan tururi, in aka goge shi da jiƙaƙƙen tsumma sai ya bar tabo, kuma a launi mai duhu duk inda ɗigon ruwan sabulu ya gangara sai ya zana farin layi. A bar shi wa silin.

Fentin mai ba ya tsoron ruwa ko kaɗan, amma yana da nasa halin. Warinsa na daɗewa a ɗakin da tagarsa ƙarama ce, kowane shafi na buƙatar kwana guda kafin a ƙara wani, sheƙinsa na tona duk wani tudu da kwarin filasta, farinsa kuma yana komawa ruwan ɗorawa a wurin da rana ba ta shiga. In akwai danshi a bayansa sai ya kumbura ya ɓare kamar ɓawon albasa. Wurinsa ƙofa da firam ɗin taga.

Na ukun shi muka fi ba da shawara: fentin ruwa mai ɗan sheƙi da ake kira satin ko silk, wanda ake iya wankewa. Manyan kamfanoni irin su Dulux da Berger suna yin sa, ana kuma samun wanda aka sa wa maganin fumfuna. Yana bushewa cikin 'yan awanni, yana fito da zurfin launi, soso da ruwa na share shi. A guji fenti mai gurza-gurza irin na bangon waje. Jar ƙurar hunturu na maƙalewa a ramukansa, ba ta fita.

Ga lissafi. Banɗaki mai faɗin mita 1.5, tsawon mita 2, tsayin mita 2.7, kewayensa mita 7 ne. In tayil ya kai mita 1.5, saura 1.2, wato murabba'in mita 8.4, a cire ƙofa da taga a samu kamar 7.5. Fenti mai kyau na rufe wajen murabba'in mita 10 da lita ɗaya a shafi guda. Launi mai ƙarfi kan ci shafi uku, musamman ja da ruwan goro, don haka lita biyu da rabi ta isa: galan ɗaya mai lita 4, har da ragowar gyara. Kada mai fenti ya sa a sayi babban bokiti mai lita 20. Kada kuma a bari ya tsinka shi da ruwa fiye da abin da aka rubuta a jikin galan, nan ne launi ke yin dabbare-dabbare. A fara da shafin share fage mai jure gishirin siminti, kuma in za a sa ja ko shuɗi mai duhu, shafin farko ya zama ruwan toka maimakon fari.

Launi a gwada shi a bangon kansa, faɗin tafin hannu huɗu, a dube shi da rana da kuma dare. Shuɗin baba, kore shar da makuba suna kyau da farin tayil. Farin ƙwan lantarki mai tsananin haske na sa ja da ruwan ƙasa su yi fatsi-fatsi, mai ɗan ja-ja ya fi dacewa da su. Tunda wuta ba ta da tabbas, ɗaki mai duhun bango na buƙatar ƙwai mai caji da babban madubi, silin kuma ya zauna fari.

Takardar bango ta fi fenti ɗaukar ido, ta kuma fi shi zaɓen wuri. Ta dace da banɗakin da masai da wurin wanke hannu kawai ke ciki, irin na kusa da falo ko zaure. In ana wanka a ciki, a haƙura. Wadda zallar takarda ce ba ta da amfani a nan; a nemi mai fuskar roba, a ɗiga mata ruwa a shagon a ga ko zai tsaya a kai ko zai nutse. Mai gam a jikinta, mai faɗin santimita 45, ta fi sauƙin liƙawa kuma ta dace da ɗan haya, amma zafin Maris da Afrilu na sassauta gam ɗin, bakinta ya fara naɗewa. Fale-falen soso masu kamar bulo kuwa suna ɓoye danshi a bayansu, kyankyaso na samun mafaka, ranar cirewa kuma su taho da fatar bango.

Naɗi na yau da kullum faɗinsa santimita 53, tsawonsa mita 10. Bango ɗaya mai faɗin mita 1.5 zai ci tsiri uku, naɗi ɗaya ya wadatar. Zagaye ɗakin duka, bisa tayil, tsiri 14 ne: naɗi biyu in ba zane, uku in zanen babba ne mai buƙatar a haɗa bakinsa. A duba lambar bugu a jikin kowane naɗi ta zama ɗaya, domin bugu daban na zuwa da ɗan bambancin launi da ba a gani sai an liƙa. A duba zanen da kyau: wasu na ɗauke da rubutun Larabci, har da sunayen Allah, waɗanda bai halatta a kai su banɗaki ba, ko da mai shago ya ce ado ne kawai.

Bangon da za a liƙa wa takarda sai ya yi sumul, a cike ramuka, a goge da sanfefa, a share ƙura. Tsirin farko a daidaita shi da igiya mai nauyi a ƙasa, don kusurwar ɗaki ba kasafai take miƙe ba. A rufe taga yayin aikin in hunturu ne, iska na busar da gam kafin takarda ta zauna, haɗin ya buɗe. Inda takarda ta sadu da tayil a ja siririn layin silikon, ta nan ruwa ke fara shiga.

Ko fenti ko takarda, in tururi ba shi da hanyar fita fumfuna za ta yi baƙi a kusurwar silin. Ƙaramar fankar zuƙe iska mai inci 6 a bangon waje na magance wannan. Fumfunar da ta riga ta kama a wanke ta da Hypo, kashi ɗaya cikin ruwa kashi huɗu, taga a buɗe, kuma kada a haɗa shi da ruwan wanke masai, hayaƙin da suke fitarwa guba ne. A bar wurin ya bushe kwana biyu kafin burushi ya taɓa shi.