Windows 11: Gadi ya yi ƙarfi, amma sirrin fa?

Windows 11 manhaja ce mai kyau, kuma a kanta nake aikina kullum. Na fara da wannan ne don kada a ɗauka ina cikin masu ƙin duk wani sabon abu. Sana'ata rubutu da gyaran takardun mutane, wato rabin abin da ke cikin kwamfutata ba nawa ba ne. Akwai yarjejeniyar kasuwanci, akwai takardar asibiti, akwai wasiƙar da mai ita ba ya son ko ɗan'uwansa ya gani. Duk amana ce. Shi ya sa idan zan auna babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, bayan sauri da ado sai na tambaya: wa ke ganin me, kuma da izinin wa?

Wajen aiki dai ba ni da ƙorafi mai yawa. Tsarin jera tagogi a allo ya burge ni ƙwarai: ka kai linzami kan maɓallin faɗaɗa taga, sai ta nuna maka yadda za ka raba allon gida biyu ko uku ko huɗu. Ga mai kwafa daga wannan takarda zuwa waccan, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. An sa wa wurin duba fayiloli shafuka irin na burauza, an sa wa Notepad ma. Abubuwan da suka fusata mutane lokacin da ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021, kamar kawo maɓallin Start tsakiya, da hana matsar da sandar ƙasan allo zuwa gefe ko sama, da ɓoye rabin zaɓuɓɓukan danna dama a bayan wani dannawa na biyu, sun dame ni da farko, daga baya hannu ya saba.

Tsaro ma ya ƙaru, wannan gaskiya ce. Sharaɗin da kamfanin Microsoft ya gindaya na sai kwamfuta tana da TPM 2.0, wani ɗan guntun sashe da ke ajiye makullan sirri, yana da amfani na zahiri. Illarsa ita ce ya bar ɗimbin kwamfutoci masu lafiya a baya, domin galibin masu ƙwaƙwalwar Intel da ta girmi zubi na takwas, wanda ya fito a 2017, ba sa cikin jerin da aka amince da su. Amma tsaro daban, sirri daban. Mai gadi zai iya hana ɓarawo tsallako katanga, shi kuma yana rubuta sunan duk wanda ya shigo gidan da lokacin da ya fita, yana kai wa wanda ya ɗauke shi aiki. A nan damuwata take.

Tun daga kunna sabuwar kwamfuta ake fara gani. Nau'in Home, na masu amfanin gida, ba ya barin ka gama saitawa sai da intanet da asusun Microsoft, kuma daga 2022 aka haɗa har da nau'in Pro idan don amfanin kanka ka saya. A da kana iya buɗe asusu na cikin kwamfutar kawai, ka sa suna da kalmar sirri, shi ke nan. Masu gyara sun gano wasu dabaru na kauce wa wannan sharaɗi, sai kamfanin ya bi yana toshe su: a Maris na 2025 ya cire ɗaya daga nau'in gwaji, a Oktoba ya sanar da toshe wasu. Hujjarsa ita ce masu kaucewa suna tsallake matakai masu muhimmanci. Ni dai ban gamsu ba. Mutum ya sayi na'ura da kuɗinsa, yana son ya rubuta wasiƙa ya ajiye, me ya sa sai ya yi rajista da wani kamfani a Amurka kafin ya ga allonsa?

Bayan asusu sai shafin tambayoyin sirri: wurin da kake, nemo na'ura idan ta ɓace, bayanan lafiyar na'ura, yadda kake rubutu da bugawa, shawarwari da tallan da aka ɗinka daidai kai. Kowanne da maɓallinsa, kuma za ka iya kashewa. Sai dai ana yin tambayoyin ne a daidai lokacin da mutum ya ƙagu ya ga sabuwar kwamfutarsa ta buɗe, kuma hanyar da ta fi sauƙi ita ce ya danna amincewa ya wuce. Wanda ya tsara shafin ya san haka sarai. Yardar da aka samu daga mutumin da ya gaji da dannawa, a wurina yarda ce mai rauni.

Bayanan lafiyar na'ura kashi biyu ne. Akwai na dole, da suka shafi irin na'urarka da saitunanta da ko tana aiki daidai. Akwai na ganin dama, kuma kamfanin da kansa ya bayyana cewa waɗannan sun haɗa da shafukan intanet da ka ziyarta, da yadda kake amfani da manhajoji, da rahoton lokacin da wata manhaja ta cije, wanda zai iya ɗauke da wani yanki na fayil ɗin da kake aiki a kai a lokacin. Wannan jimla ta ƙarshe ce ta sa na kashe kashi na biyu ba tare da dogon tunani ba. Yankin fayil ɗin da nake aiki a kai zai iya zama sunan wani da cutar da ke damunsa.

Rigimar ba sabuwa ba ce. Tun fitowar Windows 10 a Yulin 2015 ake yin ta. A Yulin 2016 hukumar kare bayanan jama'a ta Faransa, CNIL, ta ba Microsoft wa'adin wata uku ya daina tattara bayanai fiye da kima, ta kuma soki yadda lambar talla, wadda masu talla ke gane mai kwamfuta da ita, ke zuwa a kunne ba tare da an tambayi mai kwamfuta ba. Kamfanin ya gyara, hukumar ta rufe batun a 2017. A 2018 aka fito da wata ƙaramar manhaja da ke nuna wa mutum ainihin abin da kwamfutarsa ke aikawa. Na buɗe ta, na ga jerin layuka na masu fasaha, waɗanda talaka ba zai fahimci komai a ciki ba, amma samuwarta ta fi rashinta nesa. Abin lura shi ne waɗannan gyare-gyaren sun biyo bayan matsin lamba ne.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su san yana faruwa ba. Daga nau'in 24H2 na 2024, idan aka girka Windows 11 sabuwa fil kuma ka shiga da asusun Microsoft, a yawancin kwamfutoci tana kulle ma'adanar bayananka da kanta ta hanyar BitLocker. Wannan alheri ne: wanda ya sace kwamfutarka ba zai cire ma'adanar ya karanta ba. Amma makullin buɗewa na gaggawa, lamba ce mai alƙaluma 48, ana ajiye kwafinsa a asusunka na intanet. Abu biyu ke biyo baya. Idan ka manta yadda ake shiga asusun kuma kwamfutar ta nemi makullin, bayananka sun tafi. Sannan makullin yana hannun kamfani, kamfani kuwa yana ƙarƙashin umarnin kotunan ƙasarsa. Ni na kwafi nawa a takarda na adana. Haka ma OneDrive: lokacin saitawa tana jan mutum ya bari a riƙa kwafe teburin kwamfuta da takardu da hotuna zuwa rumbun kamfanin a intanet. Ga mai tsoron asarar hotunan iyali, taimako ne. Ga mai riƙe takardun wasu, shawara ce da ya kamata ya yanke da idonsa a buɗe.

Babbar ƙura kuwa Recall ce ta tayar. A watan Mayun 2024 Microsoft ya sanar da ita don sababbin kwamfutocin Copilot+, waɗanda aka ƙera don aikin ƙirƙirarriyar basira: za ta riƙa ɗaukar hoton allonka kowane 'yan daƙiƙoƙi, ta karanta rubutun da ke ciki, ta ajiye, domin ka iya neman duk abin da ka taɓa gani. Ba zan ɓoye ba, na fahimci amfaninta. Wa bai taɓa neman wani shafi da ya gani makon jiya ya rasa ba? Amma an shirya ta zo a kunne, kuma da masana tsaro irin su Kevin Beaumont suka bincika, sai suka tarar rubutun da take tarawa yana zaune a wani fayil da ba a kulle ba muddin mai kwamfutar ya shiga. Wato muguwar manhaja ɗaya da ta kutsa ciki za ta iya kwashe tarihin watanni a ɗan lokaci. Hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta nemi bayani. Jama'a suka yi ca. Kafin ranar fitowarta, 18 ga Yuni, kamfanin ya ja da baya: ya ce sai wanda ya so zai kunna, sannan ya ɗage fitowar. Ba ta isa hannun kowa da kowa ba sai Afrilun 2025, a kulle, ba ta buɗuwa sai da shaidar Windows Hello, wato tantance mai kwamfuta ta fuska ko yatsa ko lambar sirri, tana ƙoƙarin tace kalmomin sirri da lambobin katin banki, kuma ana iya cire ta.

Recall ta yau ta fi ta farko nesa ba kusa ba, kuma hotunan suna zama ne a cikin kwamfutar. Duk da haka akwai abin da gyaran bai taɓa ba, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Mai kwamfuta ne ke ba da izini, amma abin da ke kan allonsa ba nasa kaɗai ba ne. Idan ka aiko mini da saƙo ko takardar sirri, ni kuma na kunna Recall, an ɗauki hoton maganarka ba tare da an tambaye ka ba. Manhajar aika saƙo ta Signal ta gane wannan, a Mayun 2025 ta sa tagarta ta ƙi ɗaukuwa a hoton allo a Windows 11. Burauzar Brave ma ta toshe Recall daga shafukanta a Yuli. Idan masu ƙera manhajoji suna gina kariya daga tsarin da suke zaune a kansa, ai akwai gyara.

Martanin masu amfani, yadda na lura, bai zo iri ɗaya ba. Wasu sun ce su ba su da abin ɓoyewa, kuma wayar da ke aljihunsu ta fi kwamfuta leƙen asiri. Rabin maganarsu gaskiya ne, waya ba ta da tsarki a wannan fage. Amma ɓarnar wani ba ta zama lasisi ga wani, kuma kwamfuta ce wurin da mutane ke ajiye aikinsu mai nauyi. Wasu sun ƙi tashi daga Windows 10 kawai, har sai da aka kai tsakiyar 2025, kusan shekara huɗu, kafin alƙaluman kamfanin ƙididdiga na StatCounter su nuna Windows 11 ta wuce ta. Da aka daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, an ba su ƙarin shekara ɗaya ta sabuntawar tsaro, amma da sharaɗi: ko dala 30, ko maki 1,000 na shirin tukuici na Microsoft Rewards, ko su haɗa saitunansu da asusun kamfanin. Wannan zaɓi na uku ya nuna mini darajar da asusun nan ke da ita a wurin kamfanin, tunda ana karɓarsa a madadin kuɗi.

Sai waɗanda suka tattara suka koma Linux, wata babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Ina girmama su, kuma ga tsohuwar kwamfutar da aka ƙi karɓa, Linux Mint ko Ubuntu mafita ce ta gaske. Sai dai can ma an taɓa yin tuntuɓe: a 2012 Ubuntu 12.10 ta riƙa aika abin da mutum ya rubuta a wurin bincike don a nuno masa kayan Amazon, aka yi ta suka, har aka kashe shi daga 2016. Ni abin da ya riƙe ni a Windows shi ne manhajojin da abokan hulɗata ke amfani da su, domin takarda tana bukatar ta koma wa mai ita yadda ya aiko ta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sanin cewa ana iya yin abin da ya fi haka. A ƙasashen Tarayyar Turai, saboda dokar kasuwannin fasaha da ta fara aiki a kan manyan kamfanoni a Maris na 2024, mai Windows zai iya cire burauzar Edge, ya cire binciken Bing daga wurin nema. Ƙarin shekarar Windows 10 ma a can kyauta ce ba tare da sharaɗin haɗa saituna ba. Manhaja ɗaya ce, kamfani ɗaya, amma 'yancin mai saye ya danganta da ƙarfin dokar ƙasarsa.

Ga wanda zai hau Windows 11, shawarata ya ware lokaci a ranar farko ya shiga saituna, sashen sirri da tsaro. Ya kashe lambar talla, ya kashe bayanan ganin dama, ya duba waɗanne manhajoji ke da izinin kyamara da makirufo da wurin da yake. A saitin Start ya kashe shawarwari, domin tun Afrilun 2024 ake cusa tallan manhajoji a wurin. Ya duba ko OneDrive tana kwafe fayilolinsa, ya tabbatar ya san inda makullin BitLocker yake. Bayan kowace babbar sabuntawa ya sake leƙawa, domin sababbin abubuwa suna zuwa da nasu maɓallan. Wanda ke riƙe takardun mutane, likita ne ko lauya ko ɗan jarida ko magatakarda, kada ya kunna Recall ko da kwamfutarsa na iya ɗaukarta.

Ko bayan duk wannan, bayanan dole za su ci gaba da fita daga nau'in Home da Pro. A nau'in Enterprise da Education, na manyan kamfanoni da makarantu, akwai damar kashe su baki ɗaya. Maɓallin yana nan, an riga an ƙera shi, kuma ina son a ba ni shi ni ma.