Garejin haya inda nake gyara Ferrari 360 da hannuna

Tazarar da ke tsakanin ƙasa da cikin motata ba ta kai taƙi ɗaya ba. Abin da ya fara kai ni garejin hayan nan ke nan, wanda yake wata unguwar masana'antu a bayan garin Manchester, inda mutum yake biya a ba shi fili da na'urar ɗaga mota da akwatin kayan aiki, shi kuma ya yi gyaransa da kansa. Shekara biyu ke nan ina zuwa, na shiga wurin sau takwas. 'Yan'uwa da dama a nan Ingila sun tambaye ni ko ya cancanci kuɗinsa, to ga abin da na gani. Ba zan kama sunan wurin ba, saboda akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma masu shi mutane ne da nake ganin girmansu.

Motar Ferrari 360 Modena ce ƙirar 2001, mai giyar F1, wadda ake canzawa da 'yan faranti biyu a bayan sitiyari. Na saye ta ta tsufa, bayan shekara goma sha ɗaya ina tari. Injinta yana bayan kujeru, ƙarƙashin gilashi, silinda takwas, lita 3.6, ƙarfin doki 400. Ƙashinta da jikinta duk alminiyam ne. Wanda ya san irin kuɗin da ake caji a awa ɗaya a garejin ƙwararrun irin waɗannan motoci ya san cewa ma'aikaci irina ba zai riƙe ta ba sai in zai iya kama sufana. Ni kuwa na tashi a garejin kawuna a Kano, inda nake wanke fulogi da miƙa kaya tun ina aji huɗu na firamare, lokacin da Fijo 504 haɗin Kaduna ta cika titi. Hannun yana nan. Wurin da zan yi aikin ne babu, domin ƙofar gidana gangare ce, kuma ba mai hankalin da zai shiga ƙarƙashin mota a kan gangare.

Ranar farko na je juyen baƙin mai ne kawai. Wurin babban ɗaki ne mai layi shida, wato filayen aiki na mota ɗai-ɗai, huɗu da na'ura mai ginshiƙi biyu, ɗaya mai ginshiƙi huɗu, ɗaya kuma fili ne kurum. Fam 20 suke karɓa a awa, yini guda fam 120. Ina shiga da motar sai matsala ta fito: hannuwan na'urar sun ƙi shiga ƙarƙashinta, sun fi ta tudu. Mai wurin, wani dattijo mai furfura da ya ce ya yi shekara talatin yana gyaran manyan motoci kafin gwiwarsa ta hana shi, bai ce komai ba. Ya tafi ya dawo da katakai huɗu da ya riga ya fere bakinsu, na hau kansu a hankali, hannuwan suka shige. Daga nan ya durƙusa da tocila yana neman wuraren da kamfani ya keɓe don ɗagawa, ya sa roba mai kauri a kowane ɗaya. Ya ce mini, "Yallaɓai, nauyin wannan a baya yake. Mu ɗaga ta kaɗan, mu girgiza, in ba ta motsa ba sai mu ƙara." Abin da ya fi burge ni, sai da motar ta tsaya a sama sannan ya danna agogon lissafi. Minti ashirin da biyar ɗin da muka ɓata wajen neman dabara bai sa su cikin kuɗi ba.

Duk wanda ya saba kwanciya a kan kwali a ƙarƙashin mota zai gane daɗin tsayawa da ƙafafu ana aiki. Ƙasan 360 a rufe yake ruf da faranti shimfiɗaɗɗe saboda iska, kuma sai an cire shi kafin a ga komai. Kusoshinsa suna da yawa, ga wasu sun ci gishiri. A ƙasar nan ana watsa gishiri a titi lokacin sanyi don kada ƙanƙara ta kama, kuma inda kusar ƙarfe ta shiga alminiyam, in ruwan gishiri ya ratsa, sai su manne kamar an yi musu walda. In ka matsa da ƙarfi, zaren alminiyam ɗin ne zai tafi. Fitilun wurin suna da haske sosai, har da ta hannu mai maganaɗisu, shi ya sa na iya ganin kowace kusa, na fesa mata mai, na bar ta ta jiƙa. Biyu ne kawai suka karye.

Juyen man kansa yana da ƙa'ida. Wannan injin ba ya tara mai a ƙasansa kamar na sauran motoci, tanki daban yake da shi, famfo yana zagayawa da man. Don haka wuraren zubarwa biyu ne, kuma ba a auna man sai injin ya yi zafi yana aiki a tsaye. Wanda ya auna da sanyi zai ga kamar babu mai, ya yi ta ƙarawa, abin da ya wuce kima kuma injin ya zuƙe shi ta hanyar iska. Kusan lita 10 na baƙin mai nau'in 5W-40 take sha. Na zuba takwas, na tayar, na jira, na riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Garejin yana da bututun da ake sa wa salansa ya fitar da hayaƙi waje, abin da ya ba ni damar barin injin yana aiki ƙofa a rufe. Tsohon man kuma suna karɓa kyauta, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne, tunda a nan laifi ne a zuba shi a kwata.

Kayan aikinsu sai in raba biyu. Sufanu da sokoti da abin cire matatar mai da injin iska duk suna da kyau, a jere, a goge. Amma sufana mai auna ƙarfin ɗauri, wadda ita ce ran aiki a mota irin wannan, ban yarda da tasu ba. Hannu ɗari ne ke taɓa ta, wasu suna barin ta a ɗaure bayan sun gama, na ma ga wani yaro yana kwance kusar taya da ita. Na zo da tawa na gwada su a kan kusa ɗaya, na ga bambanci a fili. Na faɗa wa dattijon, ya ce zai aika a daidaita ta, amma zuwana na gaba ban ga wata takardar shaida a jikinta ba. Wanda zai je da mota mai alminiyam ya ɗauki tasa.

Haka na'urar karanta kwamfutar mota. Tasu ta gama-gari ce, tana karanta lambobin laifin injin da kowace mota ke bayarwa. Amma 360 ƙwaƙwalwar injin biyu gare ta, ɗaya ga kowane ɓangare na silinda huɗu, ga kuma ta giya daban. Abin da mai F1 ya fi buƙatar sani, wato nawa ya rage a kuloci, wannan na'ura ba ta san da shi ba. Sai SD2, na'urar binciken kamfanin Ferrari, ko makamanciyarta. Ban riƙe su da laifi a nan ba, domin galibin masu zuwa Ford da Vauxhall da Volkswagen suke kawowa, sai dai shafinsu ya ce suna da "cikakkiyar na'urar bincike", kuma wannan kalma ta fi ƙarfin abin da ke cikin akwatin.

Aikin da ya nuna mini wurin ciki da bai shi ne na boljoyin, wato gaɓar ƙarfe mai juyawa da ke haɗa taya da hannun da ke riƙe ta. A gwajin lafiyar mota na bara, wato MOT, wanda doka ta wajabta duk shekara ga motar da ta wuce shekara uku, aka rubuta mini cewa na gaba sun fara wasa. Ni ma ina jin ƙwas-ƙwas in na bi hanya mai gargada. Shekara ashirin da ruwan Ingila sun isa su cinye kowane ƙarfe. Na sayi na Hill Engineering, waɗanda ake yi da ƙarfen da ba ya tsatsa, masu irin motar da yawa su suke sawa. A wannan mota boljoyin manne yake da gam mai ƙarfi a cikin hannun alminiyam da ke riƙe taya. Sai an cire hannun gaba ɗaya, a gasa shi da zafi daidai gwargwado har gam ɗin ya saki, a tura tsohon waje da matsi, a kankare ramin tas, a shafa sabon gam, a tura sabon, sannan a bar shi ya bushe. A wurin da hannun ke ɗaure da jikin mota akwai wasu siraran faranti da ke daidaita tsayuwar taya, kuma dole kowanne ya koma inda ya fito.

Na yi kuskuren ɗaukar awa biyar maimakon yini. Da awa ta huɗu ta cika, hannu ɗaya kawai na gama, sai na ji zuciyata ta fara kallon agogo fiye da aikin. Na kira Kawu ta bidiyo, na juya masa wayar ya ga motar a sama, ƙafarta a warwatse a kan tebur.

"Kawu, barka da yamma. Ka ga inda na tsaya, lokaci kuma yana ci na."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, waɗancan farantan ka ƙirga su?"

"Na ƙirga, Kawu. Na ɗaure na kowace kusa daban, na rubuta."

"To ajiye sufanar nan ka je ka biya kuɗin gobe. Gam bai san kana sauri ba."

Na bi maganarsa, kuma a nan ne ƙorafina mafi girma ya fito. Dattijon ba ya nan ranar, wani matashi ne a kan teburin karɓar kuɗi. Ya ce an riga an ba wani layin nan da ƙarfe takwas na safe, don haka sai dai in sauke motar. Na nuna masa cewa mota ba ƙafa ba ta sauka, ya ce shi dai abin da kwamfuta ta nuna masa ke nan. Mun kai minti arba'in a haka kafin ya yarda ya kira mai wurin, wanda cikin minti biyu ya mayar da wancan mutumin wani layi. An caje ni fam 30 na kwanan mota, kuma ban yi jayayya ba, haƙƙinsu ne. Abin da ya ɓata mini rai shi ne babu inda aka rubuta abin da zai faru in aiki ya ƙi ƙarewa, alhali duk wanda ya taɓa kwance tsohuwar mota ya san hakan na faruwa kullum. Wuri irin wannan ya kamata ya bar layi ɗaya a sake saboda irin wannan rana, ya kuma ba yaransa ikon yanke hukunci.

Washegari na haɗa komai, na kai ta wani wuri aka daidaita tayoyin, domin garejin ba shi da wannan na'ura. Ƙwas-ƙwas ɗin ya ɗauke. Sitiyarin ya koma yadda na san shi, kana juyawa tana amsawa.

Sauran ayyukan da na yi a can ba su da dogon labari. Na canza man birki da tiyon birki zuwa masu saƙar ƙarfe, na canza fulogi takwas, na sa ragar baya irin ta Challenge, wato 360 ta tsere, wadda ke barin zafin injin ya fita. Batir yana gaban ƙafar fasinja, shi a gida ma ana iya canza shi.

Akwai aikin da ban yi a can ba, kuma dattijon da kansa ya ba ni shawarar kada in yi: bel ɗin taimin, wanda ke daidaita motsin bawul da fistin. Guda biyu ne, masu motar suna canza su duk shekara uku zuwa biyar ko da ba a yi tafiya da yawa ba, saboda roba tana tsufa a zaune. A F355 da ta gabace ta, bisa tsarin kamfani sai an sauke injin kafin a kai gare su. A 360 an yi ƙofa a bayan kujeru, ana isa gare su daga cikin mota, shi ya sa mutane da yawa suke ganin abin wasa ne. F430 da ta biyo baya sarƙa aka sa mata. Amma ƙarfin ɗaurin bel ɗin da amonsa ake aunawa, kamar mai gyara tsirkiyar garaya, kuma in haƙori ɗaya ya goce, bawul 40 ne ke jiran haɗuwa da fistin. Na tambayi dattijon ko in gwada, ya ce, "Hannunka zai iya. Amma ba a wurin da agogo ke tafiya kuma wani yana buga guduma a gefenka ba." Ban da haka, a kasuwar Ingila mai sayen irin wannan mota littafin sabis yake fara buɗewa ya nemi hatimin ƙwararru a kan bel. Don haka wannan nake kai wa ƙwararru, sauran ayyukan kuma ina ajiye rasit da hotuna da kwanan wata a fayil.

Wasu ƙananan abubuwa ga mai niyyar zuwa. Lokacin hunturu wurin yana da sanyi ƙwarai, na'urar ɗumamawa ɗaya ce a kusurwa, kuma gam ba ya bushewa da wuri a sanyi, don haka aikin manni a bar shi sai bazara. Ranar Asabar cike yake, ga hayaniya, ga masu zuwa ɗaukar hoton motar suna tambaya kana tsakiyar ƙirga kusoshi. Talata ko Laraba da safe ya fi. Da na nemi wurin salla, dattijon ya buɗe mini ɗan ofishinsa na sama, kuma tun daga ranar, in azahar ta yi, da kansa yake miƙo mini makulli ya tsayar da agogon.

Na riga na kama layi na biyu daga ƙofa, wanda ya fi kowanne faɗi, don ranar Talatar farko ta watan Afrilu. Boljoyin na baya ne suka rage, kuma wannan karon kwana biyu na biya tun daga farko.