Celtics ko Lakers: Wa Ya Fi Tarihi a Ƙwallon Kwando?

Duk mai bin gasar NBA ta Amurka ya san wannan musu ba ya ƙarewa. Boston Celtics, da aka kafa a 1946, tana da kofi 18. Los Angeles Lakers na biye da 17.

Lakers a Minneapolis ta fara, ta koma Los Angeles a 1960. Ƙungiyar taurari ce. Magic Johnson yana miƙa ƙwallo ba tare da ya kalli abokin wasansa ba, shi da Kareem Abdul-Jabbar suka ɗauki kofi biyar a shekarun 1980. Kobe Bryant da Shaquille O'Neal suka jera uku daga 2000 zuwa 2002.

Ni dai zuciyata na wajen Celtics. Ɗan wasanta Bill Russell ya ci kofi 11 cikin kaka 13, takwas a jere daga 1959 zuwa 1966, kuma da tsaron baya ya gina sunansa. A 1966 ƙungiyar ta naɗa shi koci, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami a NBA, a lokacin da wariyar launin fata ke ci kamar wutar daji. Celtics da Lakers sun haɗu a wasan ƙarshe sau 12, Celtics ta yi nasara a 9.